Fili nawa, amma sai jiha ta yarda in buɗe masa baki a kan titi?

Baban Khadija:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar masu sani a cikinmu, musamman waɗanda suka daɗe a Amurka. Na sayi wani tsohon gida a bakin titin jiha a garin da muke zaune, filin ya ɗan haura eka guda. Gidan yana da mashigar mota tun asali, ta tsakuwa, wadda masu gidan na da suke shiga da fita ta kanta. Niyyata in mayar da wurin kantin kayan abincinmu na gida da naman halal, da ɗan wurin cin abinci a gefe. Ƙaramar hukuma ta yarda a sauya wurin daga gidan zama zuwa na kasuwanci, amma ta ce ba za ta ba ni izinin gini ba sai na kawo takardar izinin mashiga daga ma'aikatar sufuri ta jiha.

Da na je can sai aka ce mini mashigar da na tarar ba ta cikin lissafi, tunda amfanin wurin ya sauya. Na nemi baki biyu, ɗaya na shiga ɗaya na fita, aka ce ɗaya kawai zan samu. Shi ma ɗayan, ta hannun dama za a shiga, ta hannun dama za a fita, ba mai karya kwana ta hagu. In ina da ja, wai in ɗauki injiniya da kuɗina ya yi lissafin motocin da za su riƙa zuwa. Abin ya ɗaure mini kai. Filin nan da guminmu muka saya, fuskarsa a kan titi take. Haka dokar take, ko dai an ga baƙuwar fuska ne?

Auwalu Mai Tirela:
Wa'alaikumus salam. Alhaji sannu da ƙoƙari, Allah ya sa albarka a wurin. Kafin masu ilimin abin su zo, gudun nawa aka rubuta a allon titin? Kuma akwai kwana ko tudu kusa da kai?

Baban Khadija:
Mil 55 a awa ne. Layi huɗu, biyu kowane hannu, tsakiyar fenti ne kawai babu shinge. Akwai ɗan tudu ta hagunka idan kana fitowa daga filin, sannan fitilar ba da hannu tana gaba kaɗan ta dama.

Maman Ilham:
Yaya, ni dai zuciyata ba ta kwanta da su ba. Ka duba gidajen man da ke kan irin titunan nan, wani baki biyu wani uku, kowa yana shiga ta inda ya ga dama. Manyan kantuna kuwa har fitila ake kafa musu a ƙofa. Sai da ɗan uwanmu zai buɗe ɗan kanti sannan za a tuna da ƙa'ida? Mai sayen gari da manja idan ya ga sai ya wuce ya je ya zagayo kafin ya shiga, wallahi wani wurin zai tafi. Rabin cinikin mutum aka yanke masa ke nan tun bai aza bulo ɗaya ba.

Injiniya Sani:
Alhaji, abin da suka gaya maka shi ne abin da za su gaya wa kowa a kan titi mai gudun mil 55, ga tudu ga fitila. Aikina ke nan, irin waɗannan takardun nake cikewa. Bari in ɗan tsawaita, a yi mini haƙuri.

Kusan kowace jiha a ƙasar nan tana da wannan tsari. Kolorado ce ta fara yinsa cikakke: majalisarta ta yi dokar a 1979, kundin ƙa'idojin ya fito a 1981. Fulorida ta bi a 1988, Niyu Jazi a 1989. Abin da ya kai su ga haka shi ne sun ga yadda jiha ke kashe maƙudan kuɗi ta gina titi don masu dogon zango, bayan 'yan shekaru sai kantuna su jeru a bakinsa kowa da ƙofarsa, titin ya koma na cikin gari, a sake neman kuɗin gina wani ya zagaye shi.

Lissafin da muke yi shi ne wurare nawa hanyar wata mota za ta gitta ta wata, ko ta haɗu da ita, ko ta rabu da ita. A mararraba mai hannu huɗu, wurare 32 ne. Mashiga guda ɗaya da aka yarda a shige ta ta ko'ina, a kan titi mai layi biyu, wurare 9 ne, a mai layi huɗu irin naka sun fi haka. Idan aka ce dama kawai, shiga da fita, sai su dawo 2. Kuma alƙaluman hukumar manyan hanyoyi ta tarayya sun nuna fiye da kashi 70 cikin ɗari na haɗurran da ake yi a bakin mashigu, da mai karya kwana ta hagu a ciki. Wani babban bincike da aka fitar a 1999 ya gano cewa idan mashigu suka ƙaru daga 10 zuwa 20 a cikin mil guda, haɗari yana ƙaruwa da kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari. Shi ya sa baki na biyun da ka nema ya fi komai wuyar samu.

Sai maganar tudu, wadda nake zaton ita ce ta kayar da kai. Motar da ke gudun mil 55 tana cin kusan ƙafa 80 a daƙiƙa guda. Ana ba direba daƙiƙa biyu da rabi daga lokacin da idonsa ya ga abu zuwa lokacin da ƙafarsa ta taɓa birki, ka ga ya ci ƙafa 200 ke nan bai fara tsayawa ba. Gaba ɗaya yana buƙatar ƙafa 495, kusan mita 150. Wanda kuma ke tsaye a bakin filinka yana son ya tsallaka ya bi hagu, aƙalla sai ya hango ƙafa 610. In tudun nan ya rufe masa ido kafin hakan, babu injiniyan da zai sa hannu, don ranar da aka yi gawa a wurin sunansa ne a kan takardar.

Batun tsohuwar mashiga kuma, an bar ta ne don gidan iyali guda, wanda a ƙiyasi yake kawo shiga da fita kamar goma a yini. Kanti da wurin cin abinci ɗaruruwa ne. A Kolorado, misali, da zarar sauyin da ka yi ya ƙara motocin da ke bin mashigar da kashi 20 cikin ɗari, sai ka nemi sabon izini. Gidajen man da Maman Ilham ta ambata yawancinsu sun riga dokar zuwa ne. Ranar da mai ɗaya daga cikinsu ya tashi rushewa ya sake gini, shi ma za a toshe masa baki ɗaya.

Auwalu Mai Tirela:
Injiniya ya gama magana, amma bari in faɗi yadda abin yake daga kan sitiyari. Idan na yi lodi na cika, ni da mota da kaya nauyinmu fam 80,000 ne. A kan babbar hanyar tarayya hankalina kwance yake, don na san babu ƙofar gidan kowa a kanta, duk mai shigowa ta gangaren da aka tanada zai shigo, ya ɗauki gudu sannan ya haɗe da mu. Wurin da nake addu'a shi ne irin titin Alhaji. Kana tafe a layin ciki, sai ka ga wata ƙaramar mota ta tsaya cak a gabanka ta kunna sigina, tana jiran masu tahowa su wuce ta karya cikin wani kanti. Ba ta da wurin raɓewa, a kan layin gudu take tsaye, ga yara a kujerar baya suna leƙo ka ta gilashi. Ka danne birki, iska tana huci, kana jin kayan suna turo ka daga baya. Wanda bai taɓa zama a kujerar nan ba ba zai san abin da nake nufi ba.

Kuma Alhaji, ka tuna kai ma tirela ce za ta riƙa kawo maka buhunan shinkafa da katan-katan na kaji. Tirela tana buƙatar tazarar aƙalla daƙiƙa goma sha ɗaya da rabi kafin ta fita ta hagu daga tsaye. A titin mil 55 da yamma ba za ta samu ba. Abin da ya kamata ka yi jayayya a kansa shi ne faɗin bakin da kuma lanƙwasar gefensa. In suka yi maka shi ƙarami, direba sai ya buɗe zuwa layi na biyu kafin ya shigo, ko tayar baya ta hau kan dakali ta farfasa shi. Wannan kam ka dage.

Maman Ilham:
Na ji, kuma ba na son a kashe kowa. Amma Injiniya ba ka amsa mini maganar fitila ba. Me ya sa babban kanti yake samu? Ai shi ma motocinsa ta hagu suke shiga, har sun fi yawa.

Injiniya Sani:
Hajiya, saye suke yi. Su ke biyan injiniyan da zai yi binciken zirga-zirga, su ke gina ƙarin layin da mai shiga zai raɓe ya rage gudu, su ke faɗaɗa titin su sa layin jiran hagu a tsakiya, su ke biyan kuɗin fitilar, sannan su miƙa wa jiha kyauta. Kuma duk da haka ba a ko'ina ake yarda ba, don a manyan titunan ana so tsakanin fitila da fitila ya kai kamar rabin mil, in ba haka ba ba za a iya jera lokutansu ba.

Kuɗin takardar kansa ba shi ne matsala ba. A Fulorida an kasa shi bisa yawan motoci, daga dala 50 ga gida guda har dala 5,000 ga wuri mafi girma. Abin da ke karya ƙaramin ɗan kasuwa shi ne aikin da ake ɗora masa. Layin rage gudu a titin mil 55 tsawonsa ɗaruruwan ƙafa ne, ko kantinka ƙarami ne ko babba, kwalta ɗaya za ka zuba. A nan ina tare da ke, nauyin ba daidai yake sauka a kan mutane ba. Na sha ganin mai ƙaramin jari ya haƙura da fili saboda wannan, mai babban jari ya zo ya saye shi da araha ya haɗe da na kusa. Yana ci mini rai. Amma maganinsa a wurina shi ne jiha ko gari su gina titin gefe da ƙananan filaye za su riƙa fita ta kansa, kamar yadda Teksas ta yi a gefen manyan hanyoyinta da yawa. Barin kowa ya huda inda ya so ba zai taimaki talaka ba, don shi ne dai ake bankewa a wurin.

Barista Hadiza:
Salamu alaikum. Baban Khadija, tambayarka ta farko ta shari'a ce, bari in taɓa ta. Kowace jiha da dokarta, don haka ka nemi lauyan jiharku kafin ka sa hannu a komai. Amma ginshiƙin kusan ɗaya ne ko'ina. Mai fili a bakin titi yana da haƙƙin ya samu hanyar da ta dace zuwa filinsa. Ba shi da haƙƙin zaɓen inda bakin zai zauna, ko guda nawa, ko ta wane hannu za a shigo. Motocin da ke wucewa ta gaban kantinka ma ba mallakarka ba ne a idon kotu. Shi ya sa idan gobe jiha ta gina shinge a tsakiyar titin, masu saye suka koma zagaye, yawancin kotuna ba sa ba da diyya.

Inda ake biya shi ne idan an toshe mutum gaba ɗaya, ko an rage masa hanya ragi mai tsanani, don gyara na biyar na kundin tsarin mulki ya hana gwamnati karɓe dukiyar mutum ba tare da diyya ba. Akwai shari'ar Tessler da kotun ƙolin Fulorida ta yanke a 1989. Masu wani shagon gyaran gashi ne aka gina katanga a gabansu wajen faɗaɗa titi, masu zuwa sai sun bi ta cikin unguwa kusan yadi 600 kafin su iso. Kotu ta ce wannan ya kai a biya su. Naka bai kai nan ba, tunda an ba ka baki a kan titin kansa.

Zargin Maman Ilham kuma kada a yi watsi da shi, don yana faruwa. A wani gari da ake kira Bernards a Niyu Jazi, hukumar tsara gari ta hana Musulmi gina masallaci, ta ɗora musu wuraren ajiye motoci fiye da yadda take ɗora wa coci, har aka je kotu, a 2017 garin ya yarda ya biya dala miliyan 3.25. Amma ka lura hujja ce ta ci wannan shari'ar. In kana zargi, takardun izinin da aka ba maƙwabtanka ba sirri ba ne, kana da ikon rubuta wa ma'aikatar ka nemi kwafinsu. Duba waɗanda aka bayar a 'yan shekarun nan, a kan titin nan, ga wurare masu girman naka. In an ba wani hagu a inda tudu ya fi naka rufe ido, ka samu abin riƙewa. In kowa dama aka ba shi, to ka huta da zargi.

Abu na ƙarshe, duk abin da suka gaya maka da baki ka ce su rubuta, tare da sashen dokar da suka dogara da shi. Sai da takarda ake ɗaukaka ƙara, kuma wa'adin yinta gajere ne. Su ma akwai wa'adi a kansu, a Kolorado kwana 45 ne bayan takardunka sun cika.

Malam Habu:
Allah ya saka wa Barista da alheri. Ina so in ƙara cewa wannan magana ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Malaman fiƙihunmu na Malikiyya sun yi dogon bayani a kan buɗe ƙofa a kan hanya. Sun bambanta hanyar da ta ɓulle, wadda ta jama'a ce duka, da lungun da bai ɓulle ba, wanda ba ka buɗe sabuwar ƙofa a cikinsa sai da yardar masu lungun. Ko a hanyar jama'ar ma, sharaɗin shi ne kada ka cutar da mai wucewa ko maƙwabci. Tushen duka hadisin nan ne na babu cuta babu cutarwa. Akwai kuma hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim cewa idan aka yi saɓani a kan hanya a sanya faɗinta zira'i bakwai, ka ga tun lokacin an san hanya tana da haƙƙin da mai gida ba ya ci. Kuma kawar da abin cutarwa daga hanya yana cikin rassan imani. To idan masana sun auna sun ce wannan kwanar tana iya kashe rai, Alhaji, ni ina ganin barinta ya fi maka alheri ko da doka ba ta tilasta ba. Arzikinka ba zai wuce ka ba don mai saye ya ƙara minti ɗaya.

Baban Khadija:
Allah ya gafarta Malam, na ji kuma na karɓa. Jikina ya yi sanyi da maganar Auwalu ta yaran nan a kujerar baya.

Nura daga Kano:
Ina ta karantawa daga nan gida, abin ya taɓa ni. Mu ma fa muna da doka a takarda. Dokar manyan hanyoyin tarayya tun ta 1971 ce, kuma an ware mita 45.72 kowane gefe daga tsakiyar titi a matsayin haraba, ba a gini a ciki. A jihohi akwai hukumomin tsara birane, KNUPDA a nan Kano, KASUPDA a Kaduna. Amma duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Kaduna ya san yadda garuruwan bakin hanya suke: mai shago ya zuba ƙasa ya cike lambatu don mota ta samu hawa, damina ta zo ruwa ya rasa hanya ya kwanta a kan kwalta ya cinye ta. A raba titi biyu a sa shinge, kafin wata ya zagayo an fasa shi daidai ƙofar wani gidan mai. In ba a fasa ba, mai babur da mai Adaidaita su bi hannun da ba nasu ba da dare babu fitila.

Sai dai ina da ja da Injiniya a wuri guda. Ku can mutum yana da mota, zagayen rabin mil ba komai ba ne. A nan titin shi ne kasuwar. Mai rake, mai tsire, mai faci, matar da ke soya awara, duk abincinsu a bakin kwaltar yake, don nan matafiyi ke tsayawa. In ka kawo tsarinku ka ɗora yadda yake, ka kori dubban mutane daga abincinsu, kuma ba za su tafi ba, za su dawo washegari.

Injiniya Sani:
Nura ƙanina, ban ce a ɗauko a ɗora ba. Amma abin da ka faɗa shi ne hujjar titin gefe. A garin da matafiya ke tsayawa, a ware layin gefe mai faɗi tun wajen zana titin, da wurin tsayawar manyan motoci, da baki ɗaya na shiga a farkon gari ɗaya na fita a ƙarshe. Mai rake yana nan, cinikinsa ma ya fi, don direba ya samu inda zai tsaya hankali kwance. Shingen da ake fasawa kuma, sau da yawa laifin zane ne: in ka sa wurin juyawa ya yi nisan da mai babur ba zai iya haƙuri ba, ka san za a fasa. Mu ma nan idan muka hana hagu, dole mu nuna inda mutum zai juya kusa. A wurin Alhaji fitilar nan ta gaba ita ce za ta yi wannan aikin, in an yarda da juyawa a wurin. Alhaji ka je ka duba ko akwai allon da ya hana.

Nura daga Kano:
To wa zai biya diyyar gidajen da za a rushe kafin a samu faɗin layin gefen? Nan ake tsayawa kullum. Ni dai ban ga alamar za a warware wannan da zane kaɗai ba.

Hajiya Bilki:
Ku bar ni in dawo da mu kan Alhaji, don dillancin gidaje nake yi a nan kuma wannan ciwon na sha ganinsa a wurin mutanenmu. Muna ganin fili a bakin titi sai mu ce an dace, mu biya, sannan mu fara tambaya. Duk mai shirin sayen wurin kasuwanci a kan titin jiha, ya je ofishin shiyya na ma'aikatar sufuri tun kafin ya biya, da taswirar filin a hannu. Suna zama da mutum su gaya masa abin da zai samu da wanda ba zai samu ba. Sannan a rubuta a yarjejeniyar ciniki cewa in izinin mashiga bai fito ba, ciniki ya warware a mayar da kuɗin kafin alƙalami.

Alhaji, kai tunda an riga an saya, ga tambayata: wane ne maƙwabcinka ta ɓangaren fitilar, kuma filinsa ya taɓa ƙaramin titin da ya gitta a wurin?

Baban Khadija:
Wani dattijo ne mai garejin gyaran taya, shi ne a kan kusurwa. Yana da baki a kan babban titin, yana da wani a kan ƙaramin. Muna gaisawa sosai, mutumin kirki ne.

Hajiya Bilki:
Alhamdu lillahi, to ai ga hagunka nan. Ka nemi ya ba ka haƙƙin wucewa ta bayan filinsa zuwa ƙaramin titin. Mai zuwa daga ɗaya hannun sai ya karya a kan fitila lafiya lau, ya bi ƙaramin titi, ya shigo maka ta baya. Shi ma masu sayenka za su riƙa wucewa ta ƙofar garejinsa, ba zai ƙi ba in an yi masa bayani, ko da za ka ɗauki nauyin kwalta da share ƙanƙara. Amma kada ku tsaya a kan mutunci da musafaha. Safiyo ya auna, lauya ya rubuta, a kai ofishin rajistar filaye a shigar da shi a kan takardun filayen biyu. In ba haka ba, ranar da dattijon ya sayar ko magada suka gada, sabon mai wuri ya sa shinge ba abin da za ka iya.

Injiniya Sani:
Shawarar Hajiya ita ce shawara. Ma'aikatar ma tana son irin wannan, in ka je musu da ita a hannu za ka ga sun sassauta a wasu wuraren. In ma dattijon ya yarda ku haɗe bakinku na babban titi ya zama ɗaya a kan iyaka, ka rage musu mashiga guda, sai ka nemi faɗin da Auwalu ya ce. Kuma ka sa a lissafinka cewa kwalbatin da za a binne a ƙarƙashin mashigar kai za ka saya, su za su faɗi girmansa, yawanci ba ya gaza inci 15 ko 18. Kada ɗan kwangila ya taɓa harabar titi kafin takarda ta fito, suna iya sa a tone a kan kuɗinka. Izinin ma yana da wa'adi, a wasu jihohin shekara guda ne in ba a fara aiki ba.

Ummi:
Don Allah ku gafarce ni na shigo a makare. Ni da maigidana muna duba wani fili mai arha sosai, bayansa yana jingine da wata babbar hanyar jiha. A taswirar an ja wani layi mai ɗigo-ɗigo a gefen titin, an rubuta cewa babu mashiga. Mai sayarwa ya ce wannan tsohon rubutu ne, in mun nema za a ba mu. Anti Hadiza, haka ne?

Barista Hadiza:
Ƙanwata, kada ku biya ko sisi a kan wannan maganar. Irin layin nan yawanci yana nufin jiha ta riga ta sayi haƙƙin mashigar daga mai filin na da, ta biya shi, an shigar a rajista. Wanda ya saya daga baya ya sayi fili ne ba tare da wannan haƙƙin ba, kuma takardar neman izini ta yau da kullum ba ta dawo da shi. A inda ake yarda a buɗe ma, sai an sake sayensa daga jiha da farashin yau, in hanyar ta tarayya ce kuma har sai hukumar tarayya ta sa hannu. Arhar da kuka gani daga nan ta fito. Ku sa kamfanin binciken takardun fili ya zaƙulo muku ainihin takardar da aka ja layin da ita, sannan ku tambayi mai sayarwa ya nuna muku a rubuce ta wace hanya ake shiga filin yanzu.